Rina: yadda mata ke jera muƙami a gida ɗaya

A Maruda da ke ƙasar Gwandu a jihar Kebbi, kamar sauran ƙauyukan da ke tsakanin Gwandu da Kalgo, da wuya a sami gidan da rina ba ta taɓa rataya saƙarta a cikinsa ba, ko a jikin azarar zaure, ko a bakin rumbu, ko a ƙarƙashin jinkar ɗaki.

Harbi ne abin da aka fi sanin ta da shi, shi ya sa ma idan mutum ya jawo wa kansa rigima akan ce ya taɓo gidan rina.

To amma masana ƙwari, waɗanda suka shafe fiye da shekaru 80 suna zura wa irin wannan gida ido, sun ce akwai wata rigimar da ba ta ƙarewa a cikin gidan kansa, tsakanin matan da suka gina shi.

Kusan kowace mace a gidan tana iya yin ƙwai, amma galibi ɗaya ce ke yi. Sauran su ne ke fita neman abinci, da gini, da renon 'ya'yan da ba nasu ba. Kuma babu wadda aka haifa da wannan matsayi. Da ƙarfi ake samunsa, kuma kullum sai an kare shi.

Wace ce rina?

Da farko ya kamata a raba ta da zanzaro, wanda ke gina ɗan tulunsa na laka a jikin bango. Macen zanzaro ita kaɗai take aikinta: ta gina, ta zuba abincin ɗanta, ta rufe, ta kama gabanta. Ba ta da abokiyar zama, balle a yi maganar wa ke gaba da wa.

Ita kuwa rina zaman tare take yi. Nau'in da ya fi bazuwa a ƙasashen Afirka kudu da hamadar Sahara shi ne wanda masana ke kira Belonogaster juncea, mai dogon siririn ƙugu da duhun jiki. Akwai kuma danginta guda biyu da ake samu a Afirka da wasu nahiyoyin, wato Polistes da Ropalidia.

Da zaren itace da na busasshen tsiro take gini. Takan kankaro shi da baki, ta tauna da miyau har ya zama kamar takarda, sannan ta jera ƙananan gurabe masu kallon ƙasa, kowanne da ƙwai ɗaya a ciki. Duk saƙar a rataye take da siririn kara guda, wanda matan ke shafa wa wani maiƙo daga ƙarshen cikinsu domin korar tururuwa.

Gidan kuma na mata ne. Maza kan fito daga ƙwan da ba a yi wa barbara ba, ba sa harbi, kuma ba su da wani abin kirki da suke yi a aikin gida. Ƙarin da rina ke harbi da shi ma asalinsa bututun saka ƙwai ne, don haka duk rinar da ta harbi mutum mace ce.

Bambancinta da ƙudan zuma a nan yake. A amya, tun ana tsutsa ake ware wadda za ta zama sarauniya ta hanyar abincin da ake ba ta, kuma ta kan fito da jikin da ya bambanta da na ma'aikata dubbai da ke kewaye da ita. A gidan rina kuwa, inda mazauna ba su cika wuce gommai ba, da wuya mai kallo ya bambance shugaba da 'yar aiki ta fuskar sura.

Saboda haka kalmar sarauniya da Turawa ke amfani da ita ba ta zauna daidai ba. Uwargida ta fi kusa, ko da yake a nan babu maigida, kuma ba a kan miji ake kishin ba. A kan ƙwai ake yi.

Daga kaji zuwa rina

Wani masani ɗan ƙasar Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, shi ne ya fara bayyana irin wannan jeri a farkon shekarun 1920, kuma a tsakanin kaji ya gan shi: akwai kazar da ke saran kowa, akwai mai saran kowa ban da ta farko, har a kai ga wadda kowa ke sara. Duk matar da ke watsa wa kajinta tsaba da safe ta san wannan tun kafin a rubuta shi.

Na ɗan lokaci an ɗauka cewa sai dabba mai ƙashin baya, mai ƙwaƙwalwar kirki, za ta iya irin wannan tsari.

Sai a shekarun 1940 wani masani ɗan Italiya, Leo Pardi, ya riƙa ɗiga wa matan Polistes fenti kala-kala a baya domin ya gane kowacce, ya zauna yana rubuta abin da ke faruwa duk lokacin da biyu suka haɗu a kan saƙa.

Abin da ya gani, wanda ya wallafa da Turanci a 1948, shi ne cewa haɗuwar ba ta zama ta tsara da tsara. Ɗaya kan miƙe ƙafafu ta ɗaga kai, ta riƙa dukan ɗayar da 'yan ƙahonnin nan biyu da take ji da shinshina da su, wani lokaci ta ciji fiffikenta ko ta hau bayanta. Ɗayar kuma ta kwantar da jiki, ta sauke ƙahonninta, ta yi tsit. Sau da yawa ma takan amayo ɗigon abinci ta miƙa.

Da ya tattara lissafin, sai ya ga jeri ne miƙaƙƙe. Ta ɗaya ta fi kowa, ta biyu ta fi kowa ban da ta ɗaya, haka har ƙasa. Gaba da gabanta ke nan.

Pardi ya kuma feɗe su. Jakar ƙwan ta ɗaya a cike take, ta biyu ba ta kai haka ba, waɗanda ke can ƙasa kuwa tasu ta yanƙwane. Kuma idan aka ɗauke ta ɗaya, sai ta biyu ta haye gurbinta, ƙwanta ya fara girma cikin 'yan kwanaki.

Bincike na baya ya ƙara fito da wata dabarar da uwargida ke amfani da ita. Idan wata ta faki ido ta saka ƙwai, uwargida kan bi gurabe tana dubawa, ta cinye ƙwan da ba nata ba, ta saka nata a wurin. Tana kuma hanzarin cike duk gurbin da aka gina, ta yadda wata ba za ta sami wurin sakawa ba.

Abin da aka gani a Kamaru

Rinar Afirka ta shiga littattafan kimiyya tun kafin Pardi. A 1916 wani Bafaranshe, Emile Roubaud, wanda ya yi aiki a Afirka kan ƙudan tsando, ya rubuta cewa idan macen Belonogaster ta ba tsutsa nama, tsutsar kan fitar da ɗigon miyau wanda babbar ke lashewa da kwaɗayi. A ganinsa wannan musaya ce tushen zaman tare na ƙwarin. Shi ma Pardi daga baya ya yi nazarin wani nau'in Belonogaster na Somaliya.

Sai dai binciken da ya fi kusa da rinar ƙasar Hausa shi ne wanda Maurice Tindo, masani ɗan Kamaru, da abokin aikinsa Alain Dejean suka yi a birnin Yawunde, kan gidajen Belonogaster juncea da ke rataye a jikin gine-gine. Sun wallafa sakamakon a shekara ta 2000.

Sun rarrabe hanyoyin nuna fifiko guda huɗu: taɓa abokiyar zama da ƙahonni, da kora, da cacumar juna, da kuma faɗan da ake riƙe juna har a faɗo daga kan saƙar.

Cacuma ce ta fi yawa, domin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na dukkan arangamar da suka ƙirga.

A sabon gida, kafin 'ya'yan farko su fito, uwargida ce ke fara kusan kashi 80 cikin 100 na arangamar. Bayan 'ya'ya sun fito gida ya cika, kasonta kan sauko zuwa kusan rabi, saboda na ƙasa ma sun fara danne na ƙasa da su.

Abin da ya fi jan hankali shi ne lokacin da faɗan faɗowa ƙasa ke aukuwa. Masanan ba su gan shi ba sai a makonnin da suka biyo bayan ɓacewar uwargida. Ma'ana, da wannan mummunan faɗa ake kafa jeri, da zarar kuma an kafa shi, ƙananan tsangwama sun isa su riƙe shi.

Ke nan gidan rinar da mutum ya gani shiru a zaurensa, gida ne da aka riga aka gama shari'arsa. Wanda kuma aka ga biyu-biyu na faɗowa daga cikinsa a manne da juna, mai yiwuwa ne ya yi rashin uwargida.

Tindo da abokan aikinsa sun kuma nuna cewa gida ɗaya kan ga uwayen gida fiye da ɗaya a tsawon rayuwarsa, wata bayan wata, kuma gidan da mata da yawa suka haɗu suka kafa ya fi wanda mace ɗaya ta kafa daɗewa da yawan 'ya'ya. Dalilin a fili yake: idan mai gida ɗaya ta fita farauta tsuntsu ya cafke ta, 'ya'yanta sun mutu ke nan. Ko da ta dawo lafiya, saƙar ta wuni babu mai gadi.

Me ke sa wata ta fi wata?

Girman jiki na taimakawa, amma bai isa ba. A wasu nau'o'in wadda ta fara aza harsashin gida ce ke riƙe shi. A wasu kuma shekaru ne, ko a ce kwanaki, tunda rayuwar tasu gajera ce.

A shekarun 1980 wani masani Bajamushe, Peter-Frank Röseler, ya nuna cewa sinadaran da ke cikin jinin ƙwaron, musamman wanda ke sa ƙwai ya nuna, suna da hannu. Macen da aka yi wa allurarsa ta fi yiwuwar rinjayar abokiyar karawarta.

Akwai kuma wari. Fatar rina na lulluɓe da wani siririn maiƙo, kuma an gano cewa na uwargida kan sauya bayan ta hau matsayi, ya bambanta da na sauran. Da shi ne 'yan gida ke sanin cewa mai yin ƙwai tana nan da ƙarfinta.

Batun da ya fi tayar da ƙura shi ne na fuska.

A 2002 wata masaniya Ba'amurkiya, Elizabeth Tibbetts, ta sauya zanen fuskar wasu matan Polistes fuscatus da fenti, ta mayar da su gida. 'Yan gidan suka far musu kamar baƙi, sai daga baya da suka saba da sabuwar fuskar suka ƙyale su. Wannan ya nuna cewa ƙwaron da ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ƙwayar gero ba yana gane abokan zamansa ɗaya bayan ɗaya.

Ayyukan da ita da ɗalibanta suka yi daga baya a Jami'ar Michigan sun nuna cewa mace kan tuna wadda ta taɓa karawa da ita bayan mako guda, kuma wadda ta tsaya gefe ta kalli faɗan wasu biyu kan yi hattara da wadda ta yi nasara.

Amfanin hakan ga mai zaman jeri a bayyane yake. Wadda ta san wa ya taɓa kayar da ita ba ta buƙatar sake shan duka kowace safiya.

A 2004 kuma Tibbetts da James Dale suka ce baƙaƙen ɗigogin da ke fuskar wani nau'in, Polistes dominula, tamkar anini ne a kafaɗar soja, suna nuna ƙarfin mai su, kuma wadda aka yi wa fentin ƙarya takan sha ƙarin duka. Sai dai masanan da suka gwada batun a Italiya da Spaniya ba su sami irin wannan alaƙa ba, don haka har yanzu ana taƙaddama a kai.

Me ya sa ta ƙasa ke haƙuri?

Wannan ce tambayar da ta fi damun masana. Mace ce lafiyayya, mai fiffike, wadda za ta iya tashi ta gina nata gida. Me zai zaunar da ita tana ɗebo wa wata abinci?

Amsar farko ta fito daga William Hamilton na Birtaniya a 1964. Ya ce wadda ta taimaki 'yar uwarta ta haihu, jininta ne ke yaɗuwa ko da ba ta cikinta ba. Kuma lallai a gidaje da dama matan da ke kafa gida tare 'yan uwa ɗaya ne.

An daɗe ana ganin an gama magana, sai a shekara ta 2000 David Queller da Joan Strassmann da abokan aikinsu suka gwada ƙwayoyin halittar Polistes dominula a Italiya, suka tarar kusan kashi 35 cikin 100 na mataimakan ba su haɗa komai da uwargida ba.

Bare ce ke renon 'ya'yan bare. Zumunci bai isa ya bayyana wannan ba.

Amsa ta biyu ita ce gado. A 2011 Ellouise Leadbeater da Jeremy Field da wasu suka wallafa binciken da suka yi a kudancin Spaniya, inda suka bi ɗimbin gidaje tun daga kafuwa. Sun gano cewa idan aka yi jimilla, mataimakiya takan bar 'ya'yan cikinta fiye da wadda ta tafi ta kafa gida ita kaɗai. Wasu kan saci saka ƙwai, amma babbar ribar tana ga wadda ta rayu har uwargida ta mutu, ta gaji gida ginanne da ma'aikata a ciki.

Don haka jerin nan layi ne na jiran gado, kuma kowa ta san inda take tsaye.

Field ya nuna hakan ƙarara a Malesiya, a kan wani ƙaramin nau'i mai suna Liostenogaster flavolineata, inda ake bin layin bisa ga wadda ta riga wata fitowa. Waɗanda ke can baya su ne suka fi fita neman abinci, wanda shi ne aiki mafi hatsari. Ta kusa da gado kuwa takan lallaɓa rayuwarta. Da masanan suka ɗauke ta biyu, ta uku ta matsa gaba, sai nan take ta rage fita. An wallafa wannan a 2006.

Mai karatu na iya cewa ya san irin wannan hali a ma'aikatu. Masanan dai ba su ce rina na lissafi da tunani ba, abin da suka ce shi ne halin da ya fi barin zuriya shi ne ya wanzu.

Uwargida mai sanyin hali

Ba ko'ina ake mulki da duka ba. A Cibiyar Kimiyya ta Indiya da ke Bangalore, Raghavendra Gadagkar ya kwashe fiye da shekaru 40 yana nazarin Ropalidia marginata, har ya rubuta littafi guda a kanta a 2001.

Uwargidan wannan nau'i ba ta cizon kowa, ba ta kora. Takan goga cikinta a jikin saƙa, ta bar wani sinadari wanda ke sanar da 'yan gida cewa tana nan. Cije-cijen da ake gani tsakanin ma'aikata kuwa, Gadagkar ya nuna cewa ya fi alaƙa da tura juna neman abinci idan yunwa ta shigo gida.

Amma idan aka ɗauke uwargidan, cikin mintuna sai wata mace guda, wadda da ba a bambance ta da kowa ba, ta rikiɗe ta riƙa far wa kowa. Babu mai rama mata. Bayan kamar mako guda ƙwanta ya nuna, ta fara sakawa, ta kuma koma mai sanyin hali kamar wadda ta gada.

A wani gwaji da aka wallafa a 2012, Gadagkar da ɗalibinsa Alok Bang sun riƙa ɗauke magajiya bayan magajiya har sau biyar, kuma kowane karo mace ɗaya ce ke fitowa ba tare da jayayya ba. Alamu sun nuna cewa 'yan gidan sun san magajiyar tun kafin masu binciken su san ta.

Rina da manomi

Duk wannan tsari a kan nama yake tafiya. Manyan rina ruwan fure da abin zaƙi suke sha, amma 'ya'yansu nama suke ci, kuma akasarinsa tsutsar da ke cin ganyen amfanin gona ce. Matan da ke ƙasan jeri su ne ke fita su kamo ta, su tauna ta zama dunƙule, su kawo gida. Uwargida da na kusa da ita kan tare su a bakin saƙa su karɓi kaso mafi tsoka.

Wannan ya shafi yanki irin na Gwandu da Kalgo, inda ake noman gero da dawa da wake da masara. A farkon 2016 aka fara ganin tsutsar nan mai cin masara, wadda ta fito daga nahiyar Amurka, a kudu maso yammacin Najeriya, kuma cikin shekaru biyu ta bazu a akasarin ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Takan shige can cikin kan masara inda feshi bai cika kai mata ba.

A 2019 masana daga Birtaniya da Brazil, ciki har da Seirian Sumner ta Jami'ar Landan, sun gwada wani nau'in Polistes na Brazil a kan wannan tsutsa. Rinar ta rage yawanta, ta kuma rage ɓarnar da take yi wa masara, tana zaƙulo ta har daga inda take ɓuya.

Abin da aka saba yi a ƙauye shi ne a kunna wa gidan rina wuta da yayi ko a fesa masa magani da zarar an gan shi. Idan a ƙofar ɗaki yake ko inda yara ke wasa, akwai hujja, domin rina na iya harbi sau da yawa ba kamar ƙudan zuma ba, kuma akwai mutanen da jikinsu ba ya ɗaukar dafin. Duk wanda fuskarsa ko maƙogwaronsa ya kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya bayan harbi, asibiti ya kamata a kai shi ba tare da jinkiri ba.

Amma gidan da ke jikin rumbu a bayan gari, ko a bukkar gona, ko a reshen bishiyar da ke kan iyaka, bai cika taɓa wanda bai matso shi ba. Kuma daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, matan da ke ƙarshen layi a wannan gida suna cikin gonar suna bin ganye ɗaya bayan ɗaya.